Shekarar da Aka Daina Surfe

Bana ma ruwa ya yi mana irin halinsa. Ya sauko da wuri, mutane suka yi shuka, gero ya fito ya kai tsawon ɗan yatsa, sai ya ɗauke. Kullum da la'asar hadari zai haɗo daga gabas, ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso, mata su kwashe shanya a guje, sannan ya watse kamar ba a yi ba. A irin wannan yammacin ne 'yata Sadiya ta bugo mini waya daga Kano. Bayan mun gaisa ta ce mijinta ya gaji da kuɗin haya, yana son su tattaro su dawo nan Gwiwa. Ya ga gari, ya ga fili, ya ga arahar gidaje, har yana maganar zai ɗaure raguna ya yi kiwo.

Na ce, "Yaushe ya ga garin?"

Ta ce, "Da kaka mana, Inna, lokacin da ya zo gaishe ki."

Na ce, "To, ki ce masa ya dawo yanzu ya sake kallo."

Ta yi dariya, a zatonta tsokanar suruki nake yi. Ban ga laifinta ba. Lokacin da ubanta ya yi mana irin wannan kallo na kaka, ba a daɗe da yaye ta ba.

Ni haifaffiyar Kano ce. Malam, maigidana, Allah ya ji ƙansa, ɗan Kazaure ne, aikin masaƙa ya kai shi birni. Mahaifinsa malamin hakimi ne, yana da wata goɗiya da yake hawa zuwa ƙauyuka. Da ya rasu aka zauna rabon gado, 'yan'uwa suna ta maganar gida da gonaki, Malam ya ce shi a bar masa goɗiyar ya isa. Ba wanda ya yi masa musu, har addu'a suka yi masa. Launinta fari ne da ratsin toka, irin wanda masu dawaki ke kira bidi, shi ya sa sunan ya bi ta. Bidi muke ce mata.

A Kano gidan haya muke, amma akwai wani kango a jikin gidan, filin da mai shi ya kewaye ya manta da shi. A nan Malam ya kafa mata turke. Abincinta bai taɓa zama magana ba. Harawa yana saya a bakin titi, dusa kuwa kowane gida a layinmu akwai ta, mata su dawo daga inji da ita su rasa yadda za su yi, su aiko mana. Malam zai zuba ta a ƙwarya, ya sa ruwa, ya murmushe kanwa a kai, ya dama da hannunsa. Ba ya yarda wani ya dama mata, wai ta san ƙamshin hannunsa. Ni dai ban taɓa tambayarta ba.

Sai masaƙa ta fara rage kwanakin aiki, daga baya aka sa wa ƙofa kwaɗo gaba ɗaya, aka sallami ma'aikata. A cikin wannan tsakani mai kango ya tuna da filinsa, muka wayi gari da tifar yashi da bulo a bakin ƙofa. Malam ya shigo da Bidi tsakar gida, ba a yi mako ba mai gida ya zo ya ce shi mutane ya ba haya. Wani abokin aikinsa ne ya ba shi labarin Gwiwa, ya ce da kuɗin sallamarsa zai sayi gida sukutum, har ya yi ragowa. Malam ya shirya ya je ya gano. An gama girbi ke nan, an kwashe amfanin gona, an saki dabbobi.

Ya dawo da fara'ar da na daɗe ban gani a fuskarsa ba. Ko takalmi bai cire ba ya fara.

"Rabi, na ga gari. Dawaki suna yawo cikin gonaki ba dabaibayi, ba mai cewa kai. Fili har inda idonki ya tsaya. Harawa kuwa a kan kowace bishiya, jibge, kamar ba ta da mai ita."

Na ce, "Malam, ba ta da mai ita?"

Ya ce, "Haba, wa zai hana ka harawa a ƙauye?"

Ban san ƙauye ba, shi kuma a ganina ɗan ƙasar ne. Na manta cewa a cikin garin Kazaure ya tashi, a gidan da ake kawo wa hatsi har ƙofa.

Kafin a gama cinikin gida da haɗa kaya, rani ya yi nisa. Ni da yara biyu, babbar da muke kira Uwani da kuma Sadiya, muka biyo a-kori-kura da gadaje da tukwane. Malam ya ce ba zai ɗora Bidi a mota kamar akuya ba, ya hawo ta tun daga Kano, yana yada zango a hanya. Ya iso da hantsi, ya miƙe a kan sirdi, mutanen unguwa suka fito suna kallo. Gidan na ƙasa ne, ɗaki biyu da zaure, katanga ta ɓangare uku, ɓangare na huɗu darnin kara ne tsakaninmu da maƙwabta. Da ragowar kuɗin ya sayi buhunan gero aka jera a ɗakina, ya ce za su kai mu sabon hatsi har mu yi kyauta.

Filin yana nan kamar yadda ya faɗa, sai dai an lashe shi tas. Shanun Fulani sun bi ta kai, awakin gari sun biyo baya, ba abin da ya rage sai tushiyar kara da ƙaya. Harawar kan bishiyoyi ma tana nan, kuma kowane dami da mai shi, ya san ranar da zai sauke shi da bakin da zai ci. A wannan ƙasa da kaka ake tanadin dabba. Wanda ya zo bayan kaka da dabba a hannu, sai dai a yi masa sannu da zuwa. Sun yi mana, sun kuma sayar wa Malam abin da za su iya rabuwa da shi, wanda bai taka kara ya karya ba.

Sai bazara ta shigo. Na san zafin Kano, amma a can akwai inuwar gini. Nan rana kan fito da ƙarfinta tun da sassafe, ƙasar tsakar gida ta yi zafin da ba a taka ta ba takalmi, ruwan randa ya yi ɗumi kafin azahar. Rijiyar unguwa ta ja baya, guga ya riƙa fitowa da laka rabi da rabi, sai an ajiye ya kwanta. Bidi ita kaɗai tana shan abin da ya fi namu mu huɗu. Da harawa ta yi ƙaranci sai ta juya kan darni. Wata rana na fito daga ɗaki na tarar ta cinye wuri guda har ana hangen tsakar gidan maƙwabta, ga wata mata tsaye riƙe da muciya tana kallona ta kafar.

Ta ce, "Ke ce 'yar birnin? To, sannu da zuwa. Dokinku ya cinye mana sutura."

Ita ce Yagana, matar Malam Bukar. Barebari ne da kakanninsu suka zo daga gabas, manoma ne, ta girme ni nesa ba kusa ba. Ba a sake toshe kafar ba sai da tsohuwar tabarma, ta nan muka riƙa miƙa wa juna wuta da gishiri da labari.

Ita ta koya mini surfe da hannu. A Kano inji nake kaiwa, a nan kuwa inji niƙa kawai yake yi, surfe na turmi ne. Bayan sallar asuba za ki auno gero, ki yayyafa masa ruwa, ki zuba a turmi ki yi ta bugu har dusa ta saki ƙwaya. Ki kwashe a faifai ki bakace, dusa ta koma gefe guda. Ki wanke geron, ruwan wankin nan mai kauri, ƙasari, ki tara wa dabba. Sannan ki shanya ya sha iska a kai niƙa. Da farko tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe, Yagana tana leƙowa tana cewa taɓarya nake riƙewa kamar zan yi mata kitso. Da safe unguwa gaba ɗaya amsawa take yi, turmi daga nan, turmi daga can, har ina gane na wace ce ke bugawa. Malam kan ajiye ƙwaryar Bidi a gindin turmina kafin ya fita. In ya dawo ya tarar da dusa a ciki, ya haɗa da wadda maƙwabta suka aiko, ya dama. Bidi ta koyi sautin taɓaryata, da na fara sai ta yi haniniya ƙasa-ƙasa.

Ruwan farko ya sauka da wata la'asar. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gida, yara suka fita suna tsalle a ciki, ni ma na tsaya a bakin ƙofa na bar shi ya taɓa ni. Washegari mai shela ya zaga gari, ya ce mai unguwa yana gaishe da kowa, kowa ya ɗaure dabbarsa, wanda aka kama tasa a gona shi ya sani.

Malam ya leƙa ta kafar darni ya tambayi Malam Bukar, "Wannan ɗaurin har zuwa yaushe?"

Malam Bukar ya ce, "Har a kwashe amfani, Malam. Ai kowace shekara haka ne."

Filin nan da ya gani har inda ido ya tsaya, ashe kowane taku gonar wani ce, har zuwa jikin katangarmu ta baya. Daga ranar Bidi ba ta da wurin zuwa sai tsawon igiyarta. A Kano ma kangon ya fi haka faɗi.

Malam Bukar ya ara mana gona. Malam bai taɓa riƙe sungumi ba, amma ya bi sahun mutane ya yi shuka. Gero ya fito, sai ruwa ya ɗauke, irin na bana. Hadari ya yi ta haɗuwa yana watsewa. Shuka ta naɗe ganye, ta yi fari, ta kwanta. Maza suka fita bayan gari roƙon ruwa, mu muna gida muna amsa amin. Da ruwa ya dawo sai da aka sake shuka, kuma irin daga ɗakina ya fito, daga cikin abin da za mu ci. Da lokacin noma ya yi, Malam Bukar ya ga ciyawa za ta cinye gonar Malam yana tsaye a kai, ya kira masa gayya. Maza suka taru da fartanyoyi suka nome ta kafin azahar, suna waƙa suna yi masa tsiya wai hannunsa na riƙe zare ne. Alheri ne babba, ba na mantawa. Amma mai gayya shi ke ciyarwa, kuma manomin da ya wuni a sunkuye ba ya cin abinci da wasa. Na tuƙa tuwo a tukunyar aro, na dama fura, aka cinye aka sa albarka. Da na shiga ɗaki da yamma sai na ga ina iya ganin bangon da buhuna suka rufe.

A shekarar ba mu kaɗai ba ne. A Nijar ma damina ta yi gardama, mutanensu suna shigowa neman hatsi, kowace kasuwa kwano sai ya fi na makon jiya tsada. Sai na fara lura da safiya tana yin shiru. Turmin gidan liman ya daina, na gidan mahauta ya daina, na Yagana ma ya daina. Dusar da ake aiko mana ta ragu, ta ragu, ta tsaya.

Na ɗaga tabarma na ce, "Yagana, lafiya na daina jin turminki? Ko hannun ne?"

Ta ce, "Hannu lafiya lau. Surfe muka daina."

Na ce, "To ya kuke yi?"

"Mu wanke mu kai inji da dusarsa. 'Yar birni, kin taɓa duba abin da ke fita a faifai? Cikin yaro guda ne. A shekara irin wannan ba a cire wa gero komai." Sannan ta ƙara da cewa, "Naki kuwa ana jin sa har bakin masallaci."

Ba da mugunta ta faɗa ba, amma na gane. A duk unguwar turmina kaɗai ke magana, kuma abin da yake faɗa wa mutane shi ne a gidan nan har yanzu ana ware wa dabba rabo daga abincin yara. Na koma ina bugawa a hankali, kamar mai satar daka. Surfe kuwa ba ya yiwuwa a hankali, sai dai ki daɗe.

Malam ya sayi lauje. Da ya idar da asuba sai ya fita ya bi burtali da iyakokin gonaki yana neman ciyawa. Ba shi kaɗai ke nema ba, kowane gida akwai akuya a ɗaure, kuma su sun san inda ciyawar harkiya ke fitowa, shi bai sani ba. Yakan dawo da hantsi, wando jiƙe da raɓa har gwiwa, da ɗan abin da bai cika buhu ba. Sabuwar ciyawa kuma ruwa ce zalla, ta sa Bidi zawo. Haƙarƙarinta suka fito, ƙugunta ya yi tsini, gashin ya daina sheƙi. Ya ɗauki sirdin mahaifinsa ya kai kasuwa, ya ce ai yanzu ba hawa ake yi ba. Abin da ya samo ya tafi a 'yar harawar bara da wani ya ɓoye, ba ta daɗe ba.

Mu kuma tuwo ya koma sau ɗaya, da yamma. Da rana kwaɗon tafasa ne ko na rama, da ɗan ƙuli-ƙuli in an samu, in ba a samu ba gishiri da barkono. Yagana ce ta nuna mini yadda ake dafa tafasa a zubar da ruwan fari don warin ya ragu. Da safe kunu, wanda kullum nake ƙara masa ruwa ina rage gari. Sai marka ta kama. Yayyafi ya wuni yana sauka, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika madafa ba wuta, tufafi su ƙi bushewa, ɗaki yana warin danshi. Ban san yunwa ta fi cizo a sanyi ba sai a lokacin. Gero yana gona kore shar, ya fi mutum tsawo, ko kai bai fitar ba. Ka kalle shi ta saman katanga, ka dawo ka kalli tukunya.

Uwani ta yi wayo, takan yi shiru ta kankare ƙanzo. Sadiya ce ta daina wasa. Takan zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafafu, gashinta ya fara yin ja-ja, wuyan rigarta yana zamewa ta kafaɗa. Ba ta kuka, kuma rashin kukan ya fi damuna.

Duk wannan lokaci Malam bai taɓa ce mini ki yi surfe ba. Ƙwarya kawai yake ajiyewa a gindin turmi ya fita. Ni ma ban taɓa ce masa ya sayar da Bidi ba. Na san ita ce kawai abin da ya rage masa: aiki ya tafi, gadon gida bai karɓa ba, garin ma don ita muka zo. Kuma ban tsane ta ba. In na wuce da ƙasari takan sa hanci a kafaɗata ta hura iska. Haka muka yi ta tafiya, shi yana ajiye ƙwarya, ni ina cikawa, kowa yana jiran ɗaya ya fara magana.

Wata safiya na gama bakace, na juye dusa a ƙwarya, na shiga ɗaki ɗauko abin wanki. Da na fito sai na tarar da Sadiya ta rarrafo gindin turmi. Ta sa hannu biyu a ƙwaryar tana dumbuza tana kai wa baki, dusa har hanci, tana haɗiya da ƙyar. Can a turke Bidi ta miƙo wuya iya tsawon igiya tana kallon ƙwaryar ita ma. Na tsaya ina kallonsu su biyu. Ban ƙwace ba, na bar yarinya ta ci, sannan na ba ta ruwa na goge mata fuska. Ragowar na bar wa Malam ya dama.

Washegari na auno gero na wanke, na shanya, na aika inji. Taɓarya tana jingine ban taɓa ta ba. Bidi ta yi ta haniniya a lokacin da ta saba. Malam ya dawo da ciyawarsa, ya zo gindin turmi ya ɗauki ƙwarya, ya ga ba komai. Ya kalle ni, na ci gaba da hura wuta. Ya kife ƙwaryar a kan turmi ya wuce.

Tuwon ranar ya fito baƙi-baƙi, da kaushi a harshe da ɗan ɗaci a ƙarshe. Amma ya fi na kullum yawa, kowa ya gani. Na kai masa nasa zaure. Ya cinye tas, ya wanke hannu, sannan ya kira ni.

"Rabi, geron nan zai kai mu ina?"

Na ce, "Da surfe ba zai kai mu tumu ba. Ba surfe ma, sai dai in Allah ya sa sabon gero ya yi sauri."

Ya ce, "Bidi fa?"

Na ce, "Malam, jiya Sadiya na tarar a ƙwaryarta."

Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ce, "Sannu da aiki. Ya fi riƙe ciki."

Ya gwada abin da zai iya. Ya roƙi Malam Bukar ya karɓi Bidi kyauta ya riƙe zuwa kaka. Malam Bukar ya ce jakinsa ma da ƙyar yake tsayuwa, ba zai karɓi amanar da za ta mutu a hannunsa ba. Ya ce in rabuwa za a yi, a yi tun tana iya tafiya, kuma a kai ta Babura, can ne fatake da mutanen Nijar ke sayen dawaki. Bidi ta ƙara wasu kwanaki a kan ciyawa zalla. Kowace safiya sai ta kira, ni kuma ba abin da zan amsa mata da shi.

Ranar da zai tafi ya ɗebo ruwa ya wanke ta, ya taje mata geza, ya goge mata kofato. Ba sirdi, kuma ko da akwai ba za ta ɗauke shi ba. Ya kama ragama ya ja ta a ƙasa, suka fita ta zaure, shi a gaba ita a baya, za su bi ta Kazaure su kwana a hanya. Mutanen da suka fito kallo ranar da ya shigo a kanta suna zaune a ƙofar gidajensu. Suka yi masa a dawo lafiya, ba wanda ya tambayi ina zuwa.

Ya dawo a mota, da buhunan gero a saman, ragama a naɗe a hannunsa. A shekarar yunwa dabba ba ta da daraja, kowa sayarwa yake yi, abin da aka ba shi bai kai rabin ƙimarta ba. Wani mutumin Nijar ne ya saya, ya biya da kuɗinsu na sefa, Malam ya juya su hatsi tun a cikin kasuwa. Na tambaye shi ko mutumin kirki ne. Ya ce da alama ya san doki, don da ya shafa bayanta sai ya tambaya yaushe rabonta da dusa.

Geron ya kai mu. Sadiya ta murmure, kafin a fara cin tumu ta koma guje-guje. Ruwa ya zauna daram har ƙarshe, aka yi kaka mai kyau. Aka girbe, aka roro wake, aka ɗaure harawa aka jibge a kan bishiyoyi, har da tamu. Mai shela ya zaga ya ce a saki dabbobi. Na fita zuwa wani suna na ga dawaki suna yawo cikin gonaki ba dabaibayi, fili har inda ido ya tsaya. Malam bai yi ƙarya ba ko kaɗan, garin ne dai yake da fuska biyu, ya ga ɗaya.

Ba mu koma Kano ba. Ya koyi noma, ya zama yana tanadin harawa tun kafin kowa, muka yi awaki, a nan ya tsufa, a nan aka binne shi. Sau da yawa an yi masa tayin doki, yakan ce a'a, ya gode. Ban taɓa ganin na yi laifi ba, shi ma bai taɓa cewa na yi ba. Yanzu inji ke surfe a garin nan, a ƙulla miki dusarki a leda, masu kaji su bi ki har gida suna ciniki. Safiya shiru take ko da ƙoshi, sai ƙarar babura, don haka ba a gane shekara daga turmi.

Amma in ruwa ya ɗauke irin na bana, ba yunwar nake fara tunawa ba. Washegarin dawowarsa daga Babura nake tunawa. Na kwance sabon buhu, na ga gero ya wadata, na ce yau yara za su ci farin tuwo. Na yayyafa ruwa na yi surfe da ƙarfina, ban damu da wanda zai ji ba. Na bakace, dusa ta fito mai yawa, mai laushi. Ban yi tunanin komai ba, na ɗauko ƙwaryar da ke kife na juye a ciki. Malam ya fito daga ɗaki, ya sunkuya ya ɗauka. Ya zuba ruwa, ya murmushe kanwa, ya naɗe hannun riga ya dama har ta yi daidai. Ya miƙe ya nufi turke. Sai da ya kai tsakiyar gida ya tsaya.

Ya daɗe a tsaye, dusa tana ɗiga daga yatsunsa. Ni ina riƙe da faifai, ban san inda zan sa idona ba. Can ya juyo, ya miƙo mini ƙwaryar da hannu biyu.

Ya ce, "Miƙa wa Yagana. Akuyarta tana shayarwa."